Murabus ɗin Selestin na Biyar: Tsakanin Hukuncin Dante da Kariyar Silone

Ranar 13 ga Disamba, 1294, a fadar Castel Nuovo da ke birnin Napoli, wani tsoho mai kimanin shekara tamanin ya tara kadinaloli, ya karanta musu wata gajeriyar takarda, sannan ya sauko daga karaga, ya tuɓe zobe da kambi da alkyabba, ya mayar da tsohuwar rigarsa ta zuhudu. Wata biyar da 'yan kwanaki ke nan da zaɓensa Paparoma, da sunan Selestin na Biyar. Tun daga ranar adabin Italiya bai daina yi masa shari'a ba. Dante ya jefa shi bakin ƙofar Jahannama, Petrarka ya yaba masa, sannan a 1968 Ignazio Silone ya rubuta wasan kwaikwayo guda domin wanke shi, mai suna L'avventura d'un povero cristiano, wato labarin abin da ya sami wani talakan Kirista. Wannan wasa shi ne abin da zan tarke a nan, tare da hukuncin Dante da aka rubuta shi domin rusawa. Ra'ayina shi ne Silone ya yi gaskiya da ya ƙi tuhumar ragwantaka, amma ya sayi wannan nasara da tsada. Mutumin da ya wanke ba shi ne ya yi mulki a Napoli ba, kuma abin da ya fi daraja a murabus ɗin shi ne ainihin abin da wasan ya fi rainawa.

Sunansa na yanka Pietro. An haife shi a gidan manoma a yankin Molise, a farkon ƙarni na 13. Ya shiga zuhudu bisa ƙa'idar Benedikt, daga baya ya ga rayuwar gidan zuhudu ta yi masa laushi, ya haura duwatsun Abruzzo ya shiga halwa, da farko a kan dutsen Morrone kusa da garin Sulmona, inda ya samo laƙabinsa, daga baya kuma a Maiella. Sai dai mai gudun mutane a wancan zamani shi mutane suka fi bi. Almajirai suka taru a kansa, aka yi ta ba su filaye da kyautai, har suka zama ƙungiya. Lokacin da babban taron coci na Lyon na 1274 ya nufi soke ƙananan ƙungiyoyin zuhudu da suka yi yawa, Pietro da kansa ya tafi can ya samo wa tasa tabbaci daga Paparoma Gregori na Goma. Kafin a zaɓe shi, gidajen zuhudu fiye da talatin ne ke ƙarƙashin ƙungiyar da ya kafa. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi mana amfani a gaba. Wanda ya iya tsallaka duwatsun Alps ya kare ƙungiyarsa a gaban Paparoma ba baƙo ne a harkar shugabanci ba.

Zaɓen nasa ya fito ne daga gajiya. Paparoma Nikolas na Huɗu ya rasu a watan Afrilu na 1292, kadinaloli goma sha biyu suka rabu tsakanin gidajen Orsini da Colonna, manyan zuriyoyin Roma guda biyu da ba sa ga maciji. Wata 27 kujerar tana nan babu kowa a kai. Sarkin Napoli, Sharl na Biyu na gidan Anjou, yana da buƙatar Paparoma da gaggawa, domin tsibirin Sisili ya suɓuce daga hannun gidansu tun boren 1282, kuma yarjejeniyarsa da masarautar Aragon tana jiran amincewar coci. Ana cikin haka sai wasiƙa ta iso Perugia daga mai halwar Morrone, yana gargaɗin kadinaloli da fushin Ubangiji in suka ci gaba da jinkiri. Shugabansu, Latino Malabranca, ya ambaci sunan mai wasiƙar, sauran suka bi. Ranar 5 ga Yuli, 1294 ke nan. A ƙarshen Agusta aka naɗa shi a cocin Santa Maria di Collemaggio a garin L'Aquila, inda ya shigo a kan jaki, sarki da ɗansa suna riƙe da linzami. Jama'a sun ga hoton shigar Almasihu Urushalima. Mai lura kuwa zai ga wanda ke riƙe da igiyar.

Dante ba ya ambaton sunansa. A waƙa ta uku ta kashin Jahannama na Commedia, kafin a ƙetare kogin farko, akwai wani fili na waɗanda suka rayu ba yabo ba fallasa, waɗanda sama ta ƙi su, ƙasan wuta ma ta ƙi su. Suna gudu tsirara a bayan wata tuta da ba ta tsayawa, zanzaro da ƙudaje suna harbinsu. A cikinsu mawaƙin ya ce ya gane inuwar wani da tsoro ya sa ya yi watsi da babban al'amari. Masu sharhi na farko, har da ɗansa Jacopo, sun ce Selestin ake nufi. Daga baya, musamman bayan coci ta ayyana shi waliyyi, wasu suka karkata zuwa Isuwa ko Bilatus domin su kuɓutar da Dante daga zagin waliyyi. Ina tare da na farko, saboda waƙar da kanta tana komawa ga batun sau biyu. A waƙa ta 19 an zargi magajinsa, Bonifas na Takwas, da karɓe coci ta hanyar yaudara, a ta 27 kuma an sa Bonifas yana yi wa wanda ya gada ba'a cewa bai san darajar mabuɗan da aka danƙa masa ba.

Hana shi suna shi ne hukuncin, kuma a fuskar fasaha babu abin da za a ce. Mawaƙin da ya cika wutarsa da sunayen maƙwabta da sarakuna ya ga wannan bai cancanci ko ambato ba. Amma hukuncin na mai ciwo ne. Bonifas shi ya mara wa Sharl na Valois baya ya shiga Fulorens a ƙarshen 1301, jam'iyyar Dante ta faɗi, a 1302 aka yanke masa tara da kora, daga baya aka ce in ya dawo a ƙona shi. Bai sake taka garinsu ba har ya mutu a Ravenna a 1321. A idon wanda ya sha wannan, duk wanda ya buɗe wa Bonifas ƙofa yana da kaso a laifin. Kalmar tsoro kuwa ba ta zauna daidai ba. A farkon Disamba, da jita-jitar murabus ta bazu, an yi jerin gwano a Napoli zuwa bakin fada ana roƙonsa ya zauna, sarki yana so ya zauna, masu zuhudun da suka dogara da shi suna so ya zauna. Matsoraci zama zai yi, ya ci gaba da sa hannu a duk abin da aka miƙo masa. Duk da haka akwai gaskiya guda da Dante ya riƙe, wadda masu kare Selestin ke yawan tsallakewa: kujera ba ta zama babu kowa. Wanda ya tashi ya bar ta ga wani, kuma waɗanda suka fake a inuwarsa su za su sha rana. Petrarka, a littafinsa kan rayuwar kaɗaici, ya ɗauki murabus ɗin aikin ruhi mai 'yanci, amma Petrarka yana magana ne a kan abin da mutum ya yi wa kansa. Dante yana tambayar abin da ya yi wa sauran mutane.

Silone ya shigo wannan gardama da nasa tabon. An haife shi a 1900 a Pescina, cikin Abruzzo, ba nisa da duwatsun da Pietro ya yi halwa. Girgizar ƙasa ta 1915 ta kashe mahaifiyarsa. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Kwaminis ta Italiya a 1921, ya kai matsayi babba, ya ga yadda al'amura ke tafiya a Mosko, ya rabu da jam'iyyar a farkon shekarun 1930, ƙanensa Romolo kuma ya mutu a kurkukun 'yan Fasist a 1932. Ya kan siffanta kansa da ɗan gurguzu marar jam'iyya kuma Kirista marar coci. Littattafansa, tun daga Fontamara na 1933, kusan duk suna zagaye tambaya ɗaya: me ke samun aƙida idan ta zama hukuma mai ofis da baitulmali da 'yan sanda? Shi kansa bai ɓoye ba, a doguwar gabatarwar zube da ya sa kafin wasan, cewa a Selestin yana neman ɗan'uwa ne. Wasan shi ne littafinsa na ƙarshe da ya fito yana raye, ya ci kyautar Campiello a shekarar da ya fito, shi kuwa ya rasu a Janeba a 1978.

Sai a fara da abin da wasan ya iya. Silone bai buɗe da fada ba. Ya buɗe a Sulmona, a cikin talakawa, da masaƙi Matteo da 'yarsa Concetta, da wasu mabiya Faransis na Assisi masu tsananin riƙo da talauci waɗanda hukuma ke farauta. Kafin mu ga Pietro mun riga mun ga masu jiransa. Wannan zaɓi ne na gwani, domin ba a fahimtar 1294 sai an fahimci jiran. Tun koyarwar Yowakim na Fiore, wanda ya rasu a 1202, akwai masu sa ran zamani na uku, zamanin Ruhu Mai Tsarki, da za a sami Paparoma mai halin mala'iku ya mayar da coci ga talaucinta na farko. Da aka ce an zaɓi mai halwa, waɗannan mutane sun ɗauka alkawari ya cika. Silone ya san wannan irin fata daga ciki, ya taɓa ganin manoman Abruzzo suna jiran juyin juya hali da irin wannan zuciya, shi ya sa fitowar farko ke da ɗumi da barkwanci da ba a samu a sauran wasan ba. Harshen ma mai sauƙi ne, na kasuwa da bakin rijiya, ba ya kwaikwayon tsohon zance.

Abu na biyu da ya iya shi ne wurin da ya ajiye laifin tauraronsa. Selestin na Silone ba ya nadamar sauka. Abin da yake tuhumar kansa da shi shi ne karɓa, wato ranar da ya yarda a zuciyarsa cewa zai iya amfani da mulki ya aikata alheri, kuma yana ganin wannan tunani shi ne mafi haɗarin jarrabawa. A nan wasan ya fi Dante zurfi, domin ya mayar da tambayar daga Disamba zuwa Yuli. Mawaƙi Jacopone na Todi, wanda ya rayu a lokacin, ya riga ya hango haka: da aka yi zaɓen ya aika wa Pietro waƙar gargaɗi, ba ta murna ba.

Matsalar tana farawa ne a Napoli. A fitowar da masu karatu suka fi tunawa, wani jami'in sarki ya zo yana neman Paparoma ya sa wa rundunar da za ta tafi yaƙin Sisili albarka, Selestin ya ƙi, yana mai cewa albarka ta abinci ce da kayan aiki, ba ta makami ba. Fitowa ce mai kyau, kuma a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ba sai an yi wa kowa bayanin inda ta dosa ba. Sai dai takardun mulkin Selestin suna faɗin akasin haka. Ya amince wa Sharl na Biyu da yarjejeniyarsa kan Sisili, ya ba shi damar cin ushirin dukiyar coci domin wannan buƙata, ya danƙa wa ɗan sarkin, Luwi, saurayi ɗan kimanin shekara ashirin, babbar kujerar cocin Lyon. A watan Satumba ya naɗa kadinaloli goma sha biyu a tashi ɗaya, bakwai daga cikinsu Faransawa, yadda sarki ke so. Bai taɓa shiga Roma a matsayin Paparoma ba. Ya bi sarki zuwa Napoli, aka gina masa ɗan ɗakin katako a cikin fada domin ya ji kamar yana halwa. Ofishinsa ya rikice har ana ba mutum biyu ko uku muƙami guda.

Za a ce marubucin wasa ba marubucin tarihi ba ne, kuma haka ne. Babu wanda ke tuhumar Shakespeare da sauya kwanan wata. Amma akwai bambanci tsakanin sauya abin da ke gefe da sauya abin da jigo ya tsaya a kansa. Jigon Silone shi ne mai tsarkin zuciya ba zai iya mulki ba saboda ya ƙi ƙazantar mulki. Selestin na tarihi bai ƙi ba. Ya yi mulki, ya yi shi da rauni, kuma raunin ya amfani mai ƙarfin da ke kusa da shi. Wannan darasi ne dabam, mai ɗaci fiye da na Silone: nagarta marar sani tana iya zama makami a hannun wani ba tare da ta taɓa jin ta yi laifi ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. A cikin wata biyar ɗin, wurin da Selestin ya nuna ƙwazo shi ne kan ƙungiyarsa. Ya yi mata ruwan gata da alfarma, ya kuma nemi tilasta wa Monte Cassino, uwar gidajen zuhudun Benedikt wadda ta haura shekara ɗari bakwai a lokacin, ta karɓi tufa da ƙa'idar ƙungiyarsa, aka naɗa mata shugaba daga cikin almajiransa. Wannan ba aikin sarki ba ne, ba kuma na wani kadinal mai makirci ba. Son zuciyar mai zuhudu ne, irin wanda ke ganin hanyarsa ita ce hanya. Da Silone ya ba wannan fili, da ya sami tauraron da ke ɗauke da cutar da yake yaƙa, mutumin da ya guji hukuma ya kafa tasa, ya sami iko ya fara faɗaɗa ta. Marubucin da ya san yadda 'yan juyin juya hali ke zama 'yan ofis shi ya fi kowa cancantar rubuta wannan. Ya kauce, ina jin, saboda yana son Selestin fiye da kima, kuma so ba ya barin a ga kwarkwatar ido. Sakamakon shi ne tauraro mai amsa a baki kullum. Mutumin da shaidun zamaninsa suka ce Latin ɗinsa bai kai ba, har ana yi masa zaman majalisa da harshen gari, a wasan ya zama gwanin muhawara mai jefa magana kamar ɗan jaridar ƙarni na 20. Idan ya buɗe baki, Silone muke ji.

Wannan ya sa, ba da nufin marubucin ba, Benedetto Caetani ya fi kowa rai a wasan. Shi ne kadinal masanin doka da Selestin ya nemi shawararsa, wanda ya gaje shi da sunan Bonifas na Takwas. Abokan gabansa sun baza labarin cewa da dare yakan yi magana ta wani bututu a bangon ɗakin tsohon, yana kwaikwayon muryar mala'ika yana ce masa ya sauka. Ƙage ne na siyasa, kuma abin yabo ne cewa Silone bai gina wasansa a kan irin wannan ba. Caetani nasa mutum ne mai hujja. Yana cewa coci tana da filaye da kotuna da amanar miliyoyin mutane, ba a tafiyar da ita da hawaye, kuma in ba ta zama ƙarfi ba sarakuna za su haɗiye ta. Silone ya rubuta wannan domin a ƙi shi, amma duk wanda ya san abin da Sharl ya yi da Selestin zai ga Caetani yana bayyana abin da ya faru ne a gaban idonsa. A karonsu na ƙarshe, bayan an kamo tsohon, wasan yana so mu ga nasarar ruhi a kan iko. Abin da nake gani shi ne mutum biyu da kowanne ya riƙe rabin gaskiya, sai dai marubuci ya ba ɗaya haske ya bar ɗaya a duhu. Tarihi ma bai bar Bonifas ya ci riba ba. Bayan ya rushe Palestrina ta 'yan Colonna, ya yi bikin gafara na 1300, ya fitar da sanarwar 1302 da ta ɗora ikon Paparoma bisa kowane mai sarauta, mutanen Filib na Huɗu na Faransa suka kama shi a garinsu Anagni a Satumban 1303, ya mutu bayan wata guda. Ƙarfin da ya dogara da shi bai kai na sarki ba.

Yanzu ga abin da nake ganin Dante da Silone duka sun wuce ba su duba ba. Su biyun sun ɗauki murabus ɗin a matsayin fita: ɗaya ya ce gudu ne, ɗaya ya ce hijira ce. Amma a duba yadda aka yi shi. Pietro ya saba gudu. Rayuwarsa duka gudu ce daga wannan kogo zuwa wancan idan mutane suka yi yawa, kuma bayan saukarsa ma ya sake gudu. A Disamba 1294 bai gudu ba. Ya tambayi masana doka ko Paparoma yana da ikon sauka, tun da babu wanda ke samansa da zai miƙa wa takarda. Da aka ce masa yana da shi, ya kafa doka da ta faɗi haka a fili, sannan ya yi aiki da ita a gaban majalisa. Kafin nan kuma ya dawo da dokar Gregori na Goma ta 1274, wadda aka dakatar, mai cewa a kulle kadinaloli a wuri guda, a riƙa rage musu abinci har sai sun yi zaɓe, ya kuma tabbatar tana aiki ko da kujera ta zama fanko ta hanyar murabus. Mutumin da jinkirin wata 27 ya jefa cikin wannan wahala ya toshe ƙofar jinkirin kafin ya tafi. Aka kulle kadinaloli ranar 23 ga Disamba, ranar 24 suka fito da Paparoma.

Wannan shi ne aiki mafi ƙwarewa a mulkinsa, kuma aikin doka ne tsantsa. Bonifas ya soke yawancin alfarmar da Selestin ya raba, amma ya ɗauki dokar murabus ya sa ta cikin kundin dokokin coci da ya fitar a 1298, dokar kulle kuma ita ce asalin yadda ake zaɓen Paparoma har yau. Lokacin da Benedikt na Goma Sha Shida ya sauka a 2013, a kan wannan turba ya bi, shi da ya ajiye mayafin muƙaminsa a kan akwatin gawar Selestin a L'Aquila a Afrilun 2009, bayan girgizar ƙasar da ta rusa garin. Wasan Silone an gina shi ne a kan gaba tsakanin lamiri da doka, don haka ba shi da wurin ajiye wannan. Ba zai iya nuna cewa lamirin tsohon ya sami mafita ne ta hannun masana doka ba, har da shi Caetani, ko cewa sanin iyakar kai, idan mutum yana riƙe da amanar jama'a, yana buƙatar tsari domin kada ya zama ɓarna. Da Pietro ya tsallake katanga da dare ya koma Morrone, da coci ta wayi gari da Paparoma wanda ba ya nan kuma bai sauka ba.

Ba wai dokar ta kare shi ba. Bonifas ya ji tsoron kada masu adawa su yi amfani da tsohon su raba coci biyu, kuma tsoron ba na banza ba ne, domin a 1297 kadinalolin Colonna biyu sun fito fili sun ce murabus ɗin bai halatta ba, Jacopone na cikin masu sa hannu, abin da ya kai shi kurkuku. Pietro ya suɓuce daga masu rakiyarsa, ya yi watanni yana ɓuya, ya nemi ƙetara teku zuwa Girka, iska ta mayar da jirgin, aka kama shi a wajen Vieste. Aka tsare shi a ganuwar Fumone, a ɗan ƙuntataccen ɗaki, har ya rasu ranar 19 ga Mayu, 1296. Mabiya Faransis da ya ba kariya suka rasa ta, wasunsu suka tsere zuwa Girka. A nan hujjar Dante ta dawo da ƙarfinta, kuma Silone, a yi masa adalci, bai ɓoye ta ba: a wasan akwai almajiran da ke jin an yashe su, kuma zafinsu na daga cikin abin da ya fi gaskiya a kashin ƙarshe. Ya dai yi saurin lallashinsu.

Wasan ya rufe da hasashen wani almajiri cewa mai yiwuwa za su kashe shi, daga baya su mai da shi waliyyi. Rufewa ce mai kaifi, irin wadda ke sa masu kallo su fita suna gyaɗa kai, amma rabinta na farko yana jingine ne da tsohuwar jita-jita. An daɗe ana nuna wani rami a ƙoƙon kan Pietro ana cewa ƙusa aka buga masa, sai binciken da aka yi wa ƙasusuwan a 2013 ya nuna ramin ya samu ne bayan mutuwa. Rabi na biyu ya faru, sai dai ta hanyar da ta fi hasashen sarƙaƙiya. Wanda ya matsa a ayyana shi waliyyi shi ne Filib na Faransa, wanda ke neman a tono laifin Bonifas ko bayan mutuwarsa, yana kuma so a kira Pietro shahidi domin magajinsa ya zama mai kisa. Paparoma Kilement na Biyar, Bafaranshe da ke zaune a Avignon, ya ba sarki rabi ya hana shi rabi. A watan Mayu na 1313 ya ayyana shi waliyyi, amma ba a sahun shahidai ba, kuma ba da sunan Selestin ba. Da sunan Pietro na Morrone aka rubuta shi, sunan da ya koma ɗauka ranar da ya ajiye zobe, wanda ke nufin murabus ɗin ya halatta, zaɓen Bonifas ma haka.